Yadda ake koya wa ƴan ajin CI karatu da rubutu, daga sauti zuwa dikte

Sabon malamin da aka turo jihar Tawa, galibi ajin CI, wato ajin farko na firamare, ake fara danƙa masa, don ana ganin shi ne aji mai sauƙi. A wurina babu ajin da ya kai shi nauyi. Yaron da ya bar CI da CP, aji na biyu, bai iya haɗa baƙi da wasali ba, haka zai yi ta kwafar abin da ke kan tablo har CM2, ajin ƙarshe na firamare, hannunsa na tafiya, kansa bai san me ya rubuta ba. Binciken PASEC, shirin da ke auna ilimin ƴan firamare a ƙasashe masu amfani da Faransanci, na shekarar 2014 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran Nijar da ke ƙarshen firamare ba su kai matakin da ake so a karatu ba, kuma tushen wannan matsala yana cikin waɗannan azuzuwa biyu na farko.

Abin da zan bayyana maka, abokin aiki, hanya ce ta fara karatu da Hausa, harshen da yawancin yaranmu ke ji tun daga gida. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, kuma kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka kafa a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa. Idan lakkwal ɗinka ta Faransanci zalla ce, akwai abin da zan ce maka a mataki na ƙarshe, amma ka karanta duka, don tsarin ɗaya ne.

Ilimin da kake buƙata kaɗan ne. Hausa kusan yadda ake faɗinta ake rubuta ta, harafi ɗaya sauti ɗaya. Kalma kuma gaɓoɓi ce, gaɓa kuwa ko baƙi da wasali, kamar ka, ko baƙi da wasali biyu, kamar kai, ko baƙi da wasali da wani baƙin, kamar kan. Yaron da ya ji gaɓa da kunnensa, ya kuma iya gina ta da hannunsa, ya iya karatu. Saboda haka kunne ake fara koyarwa, sannan ido, sannan hannu.

Kayan aiki

Tablo da alli. Idan tablon ya koɗe har fari ba ya fita, ka nemi kwamitin makaranta ya sayo fentin tablo tun kafin a shiga aji. Kafin a samu, garin gawayi da aka kwaɓa da ruwan ƙaro yana riƙewa na ɗan lokaci.

Ardwaz ga kowane yaro, da ɗan tsumman gogewa ɗaure da zare a jikinta. Wannan shi ne kayan da ya fi kowane muhimmanci, ya fi littafi ma a watannin farko. Wanda ba shi da ita, a yanka masa guntun katako mai laushi a wurin kafinta, a shafa masa baƙin fenti.

Katunan haruffa. Ka tara kwalayen sabulu ko na taliya daga masu kanti, ka yanka su kamar faɗin tafin hannunka, ka rubuta harafi ɗaya a kowane, baƙaƙe da launi ɗaya, wasula da wani launi. Wasula ka yi su da yawa, don a cikin kalma ɗaya akan buƙaci harafin a sau uku. Ka ɗaura igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka riƙa rataya katunan da abin shanya. A rumfar zana, inda babu bangon da za a manna komai, igiyar nan ita ce bangonka, kuma da yamma ka kwashe katunan cikin jaka saboda iska da awaki.

Yashi. Wannan Allah ya hore mana shi. Ka share wuri mai inuwa kusa da aji, ka cire ƙaya da tsakuwa masu kaifi.

Tsakuwa ko murafun kwalba, biyar ga kowane yaro, don ƙirga gaɓoɓi.

Kaye da kiriyon, amma sai bayan wata biyu ko uku. Kada ka yarda da bik a CI, don yaro na buƙatar ya goge ya sake.

Littafin karatu na INDRAP, cibiyar gwamnati mai shirya littattafan makaranta, da jagoran malami, in makarantar na da su. In guda biyar ne kawai ga aji duka, ka adana su don karatun rukuni, sauran aikin ka yi shi da tablo da katuna. Sai kayenka kai kanka, wanda za ka rubuta sunan kowane yaro da abin da ya iya.

1. Makonni biyu na farko: san yaran

Kada ka fara harafi ko ɗaya tukuna. Ka koyi sunayensu, ka gano wa ke jin Hausa, wa ke jin Tamajak ko Fulatanci a gida. Waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba, ka zaunar da kowane kusa da yaro mai surutu da haƙuri. Ka tsaya a bayan aji ka kira suna a hankali, don ka gane mai nauyin ji. Ka zana abu ƙarami a tablo ka ga wa ke runtse ido. Waɗannan su ke zama a gaba, komai tsawonsu.

Ka tambayi wa ke zuwa makarantar allo. Kusan duka za su ɗaga hannu, kuma wannan riba ce gare ka, don sun riga sun san cewa alama a kan allo tana ɗauke da sauti. Abu ɗaya za ka kula da shi: can daga dama ake farawa, nan daga hagu. Ka zana ɗan tauraro a kusurwar hagu ta sama ta kowace ardwaz, ka ce musu daga tauraro ake tashi. Kada ka taɓa ce wa yaro hanyar malaminsa na allo kuskure ce. Ka ce rubutu iri biyu ne, kowane da ƙofar shigarsa.

2. Horar da kunne

Wannan mataki shi ne wanda sababbin malamai suka fi tsallakewa, don ba a ganin komai a tablo, kuma suna tsoron direkta ya leƙo ya ce wasa suke yi. Ka daure ka yi shi, minti goma kowace safiya, har ƙarshen shekara ma.

Ka fara da sunayensu. Ka kira Hadiza ta tsaya, aji duka su tafa sunanta: Ha, di, za, tafi uku. Idi tafi biyu. Mahamadu tafi huɗu. Daga nan kowa ya ajiye tsakuwa ɗaya a gabansa a kan kowace gaɓa, daga hagu zuwa dama, ya bi su da yatsa yana faɗi. Ka ga tun bai san harafi ba ya fara koyon inda layi ke tashi.

Idan sun kama wannan, ka juya wasan. Kai ka faɗi gaɓoɓi a rarrabe, su su haɗa: ka ce ra, ka yi shiru, ka ce ƙu, ka yi shiru, ka ce mi, su ce raƙumi. Sannan ka cire gaɓa: tukunya, in an cire tu, me ya rage? Dariyar da za su yi in sun ji kunya ta fito, ita ce alamar kunne ya buɗe.

Daga ƙarshe sai sautin farko. Wa sunansa ya fara kamar na Musa? Mariyama, Mamman, Maimuna su tashi. Ka ja sautin da bakinka a rufe, mmm, kada ka ce ma, kada ka ce em.

3. Shirya hannu

A fita wurin yashi. Tsaye, kwance, karkatacce, da'ira, ƙugiya. Da yatsa tukuna, sannan da karan hatsi, sannan da alli a ardwaz. Da'ira a fara ta daga sama a zagaya ta hagu, don da wannan motsi za a rubuta a, da d, da g, da o. Yaron da ya saba zagayawa ta dama zai wahala daga baya.

Bahago ka bar shi ya rubuta da hannun da ya fi masa ƙarfi, ka zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa. In iyaye sun yi magana, ka gaya musu cikin ladabi cewa ci da gaisuwa da dama suna nan yadda aka koya masa a gida, rubutu ne kawai.

4. Wasula

Biyar ne. Ka fara da a, i, u, don sun fi yawa a Hausa kuma bakin mutum na bambanta su sarai, sannan e da o. Kowane kwana biyu ko uku. Ka faɗi sautin, su kalli bakinka, su maimaita, su nemo shi a cikin kalmomi, sannan ka nuna katin.

Kada ka koya musu waƙar abajada ta Faransanci a wannan lokaci. Yaro zai haddace ta cikin kwana uku, iyaye su yi murna, amma sunan harafi ba ya taimaka wa mai haɗa gaɓa. Wanda aka koya wa cewa wannan el ne, wannan a ne, in ka ce ya haɗa zai ce ela. Ka kuma kula da bakinka kai kanka, don mu da muka yi karatu da Faransanci, harafin u yana fito mana da sautin can. A nan u na tuwo ne.

5. Baƙaƙe, ɗaya bayan ɗaya

Ka fara da waɗanda ake iya jan sautinsu: m, n, l, s, r. Da su da wasula biyar har an samu kalmomi na gaske: nama, nono, suna, sama, rana, lemu, masara. Yaro ya karanta kalmar da ya sani a makonsa na farko na baƙaƙe, wannan shi ke sa shi son zuwa lakkwal. Bayan su sai k, t, g, w, y, b, z, h, j, d da sauransu. In kana da littafin hukuma, ka bi jerinsa, don darussansa a kan wannan jeri aka gina su.

Darasin kowane baƙi yana ɗaukar kusan minti talatin, kuma tsarinsa kada ya canza, don yara su san abin da ke zuwa. Ka kawo abu na gaske ko ka zana shi, misali tulu. Su faɗi sunansa, su tafa gaɓoɓinsa, su fitar da sautin farko. Ka nuna katin t. Ka juya musu baya, ka rubuta shi a iska da babban motsi, su bi ka. In ka fuskance su kana rubutawa, a juye za su gan shi. Su rubuta shi a bayan juna da yatsa, sannan a ardwaz. Daga nan a haɗa shi da wasula, a karanta kalmomi uku ko huɗu, a rufe da ɗan dikte.

Harafin b da na d kada su biyo juna. Ka sa aƙalla mako biyu tsakaninsu, kuma ka koyar da su da motsi daban: b sanda ake fara ja sannan ciki, d ciki ake fara zagayawa sannan sanda. Yaron CI da ke juya su ba shi da wata cuta, abu ne da ke wucewa da yawan yi. Ƙananan haruffa kawai za ka koyar yanzu, manya su jira, sai dai harafin farko na sunan yaro.

6. Haɗa baƙi da wasali

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya kamata ka ɓata lokaci ba tare da jin kana makara ba. Malaman allo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa bayan babbaƙu suke tsayawa a farfaru har sai yaro ya ƙware.

Ka kira yara biyu gaba. Ɗaya ya riƙe m ya tsaya ta hagun aji, ɗaya ya riƙe a ta dama. Mai m ya riƙa takowa a hankali, aji na jan mmm ba tare da yankewa ba, har kafaɗarsa ta taɓa ta mai a, sai su buɗe baki: ma. Sirrin yana cikin rashin yanke numfashi. In suka ce m, suka tsaya, suka ce a, ba a haɗa komai ba. Ka canza mai wasali, a samu mi, mu, me, mo. Sannan ka bar wasalin ka canza baƙin: ma, na, la, sa.

Ga babban tarkon. In ka rubuta ba, be, bi, bo, bu a jere kana nunawa da sanda, cikin kwana biyu aji zai rera shi da murya ɗaya mai daɗi, kai kuma ka ɗauka sun iya. Waƙa ce suka haddace. Ka gwada: nuna bo kai tsaye ga yaro ɗaya. In ya fara daga ba a ƙasan murya har ya iso wurin, bai karanta ba. Maganinsa shi ne kada jerin ya zauna iri ɗaya kwana biyu. Ka hargitsa shi, ka nuna daga ƙasa, ka tsallaka, kuma a kowane darasi ka tambayi yara biyar ko shida su kaɗai, ba masu ɗaga hannu ba. Amsar taro tana ɓoye rabin aji.

Da gaɓa mai harafi biyu ta zauna, sai ai da au: kai, rai, sau, tauri. Sannan gaɓa mai rufi. Ka gina ka da katuna, su karanta, ka ƙara n a ƙarshe, kan, ka ƙara ti, kanti. Haka sarki, ganga, hanci, tabarma. Yara da yawa za su rubuta kati maimakon kanti, don ba su ji rufin ba. Ka koma ga tafi, ka ja gaɓar farko, su ji inda harshe ya tsaya.

Baƙi mai ninki ma ta wannan hanya ake kama shi. Baba da babba, kala da kalla. Su tafa: bab, ba. Da zarar an raba gaɓar, b biyun sun fito da kansu. A nan Adar, yankin Tawa, muna ninka wasu kalmomin da littafi ba ya ninkawa, muna cewa hulla da jakki, littafi na rubuta hula da jaki. Ka gaya wa yaro gaskiya: yadda kake faɗi daidai ne, haka kakanninka ke faɗi, amma a rubutu an yi yarjejeniya a kan siga ɗaya don na Tawa da na Damagaram da na Kano su karanta takardar juna.

Ƙa'ida ɗaya ta isa a wannan mataki: a cikin kalma, kafin b ko ɓ ko f, m ake rubutawa, kamar tambaya, rumbu, rumfa. Amma in kalma biyu ce, n tana nan ko da kunne ya ji m: gidan Bala.

7. Haruffa masu ƙugiya da tagwaye

Harafin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowane harafi ne mai zaman kansa, kuma darasi cikakke ya kamace shi. Kada ka gabatar da ɗ a matsayin d mai ado. Ka kawo kalmomi biyu biyu da ƙugiya kaɗai ta raba: baki da baƙi, kafa da ƙafa, kaya da ƙaya, fada da faɗa, tabo da taɓo, ya da ƴa. Ka faɗi ɗaya, su ɗaga katin da suka ji. Su ɗora yatsa a maƙogwaro su ji yadda yake motsawa a ƙ, ba ya motsawa a k. Yaran da Hausa ba harshen gidansu ba ce sun fi buƙatar wannan, musamman a ƙ da ts, don haka ka ware musu minti biyar kullum a rukuni ƙarami.

Ka kula da rubutunka a tablo. Malamin da ya saba aika saƙo a waya ba ƙugiya, hannunsa na mantawa da ita, yara kuma abin da suka gani suke ɗauka. A Nijar muna rubuta ƴ, a littattafan Najeriya za su ga 'y. Sauti ɗaya ne, ka nuna musu duka biyu in sun kai CP.

Sh da ts ka rubuta kowane a kati guda, don haruffa biyu ne masu sauti ɗaya: shanu, shayi, tsaba, tsuntsu. Sara da tsara na taimakawa. Haka kw, gw, ƙw, ky, gy, ƙy: kwano, gwanda, ƙwai, kyanwa, gyaɗa, ƙyalle. Harafin c ka koyar da shi da cuku da cokali da ciki. Alamar hamza kuma, wadda ke tsakiyar sa'a da jama'a da ma'ana, ka ce musu wurin da murya ke ɗan tsayawa ne.

Sai f. Yaron Tawa hwari yake cewa, da hita, da hura, daidaitacciyar Hausa kuwa fari, fita, fura take rubutawa. Wannan ba ya gyaruwa da kunne, don kunnensa h yake ji da gaske. Ka bi abin da littafin ajinka ya rubuta, ka tara irin waɗannan kalmomi a kwali ɗaya babba, ka rataya, a riƙa karanta su har ido ya saba. Kada ka yi wa yaro dariya a kan harshen garinsu, kada kuma ka bari wani ya yi.

Tsawon wasali ba a nuna shi a rubutun yau. Gari na zama da gari na tuwo siga ɗaya suke, jimla ke bambanta su. In wani uba ya kawo maka tsohon littafin yaƙi da jahilci mai wasula a ninke, wannan tsohuwar ƙa'ida ce, kada ka haɗa wa yara biyun.

8. Dikte a kan ardwaz

Kowace rana, tun daga makon farko na wasula, minti goma. Ba jarrabawa ba ce, hanya ce da za ka ga cikin kan yara sittin ko tamanin a lokaci guda. Salon da aka koya mana a makarantar horon malamai da sunan PLM shi ne ya fi dacewa da babban aji.

Alli a ƙasa, hannuwa a kan benci. Ka faɗi kalmar sau biyu a fili, ka sa ta cikin gajerar jimla don a san wadda kake nufi. Su maimaita, su tafa gaɓoɓinta. Ka buga tebur sau ɗaya, su rubuta. Ka ba su lokacin da ya isa, ka sake bugawa, alli a ƙasa. Bugu na uku, kowa ya ɗaga ardwaz sama da kansa, fuskarta gare ka. Ka bi layi layi da ido. Sannan yaro ɗaya ya rubuta a tablo, a duba tare, wanda ya kuskure ya gyara da hannunsa ya sake ɗagawa kafin a goge.

Ka fara da sauti ɗaya, sannan gaɓa, sannan kalma, sannan jimla mai kalma uku. Kalma biyar a rana ta isa: uku daga darasin yau, biyu daga na makon jiya. Kada ka taɓa yin dikte da harafin da ba ka koyar ba, kuma kada kalmomin su kasance a tablo ko a igiya lokacin da kake faɗi, in ba haka ba kwafa za su yi.

Yadda kake gyara kuskure shi ke raba malami da malami. In yaro ya rubuta tlu maimakon tulu, kada ka ce ba daidai ba ne ka wuce. Ka ce ya karanta maka abin da ya rubuta, yana bi da yatsa. Sau da yawa shi da kansa zai ji abin da ya ɓace. Kuskuren kuma yana gaya maka matakin da za ka koma: wanda ke barin wasali bai gama mataki na shida ba, wanda ke rubuta k a wurin ƙ na bakwai yake buƙata, wanda ya zana haruffa barkatai a koma da shi ga tafi da tsakuwa. In rabin aji suka yi kuskure iri ɗaya, darasin za a sake gobe, ta wata hanya.

Bulala ba ta da wuri a nan. Yaron da aka doka a kan harafi yana koyon ɓoye ardwaz ɗinsa ko leƙen ta maƙwabci, kai kuma ka rasa abin da kake dubawa. Jan bik ma ka rage shi in an koma kaye: ka ja layi ƙarƙashin gaɓar da ta kuskure, shi ya gyara.

9. Rabon kalmomi da alamomi

Da an fara jimla, sabuwar matsala za ta fito: yatafi, zamuje, gidan sa. Ka dawo da tsakuwa, yanzu kowace tsakuwa kalma ce. Musa ya tafi gona, tsakuwa huɗu. Tsakanin kalma da kalma a ajiye yatsa ɗaya a ardwaz.

Kada ka ba ƴan shekara bakwai dokokin nahawu. Ka ba su misalan da za su riƙa gani kullum a igiya: ya tafi, ta zo, za mu je, ba ni, a rabe, yana, tana, muna, gidansa, rigarta, a haɗe. Babban harafi a farkon jimla da farkon suna, aya a ƙarshe, alamar tambaya in tambaya ce. Waƙafi ya jira CP.

10. Karatu na gaske

Yaro ba zai so karatu ba in gaɓoɓi kawai yake gani. Ranar Litinin ka tambaye su me suka gani a kasuwa ko a hanya. Ka zaɓi jimla uku daga bakinsu, ka daidaita su da haruffan da aka koya, ka rubuta a tablo da sunan mai maganar: Rabi ta ga raƙumi a kasuwa. Sani ya sayi albasa. Su karanta, su nemo kalma, ka goge ɗaya su cike. Ka kwafe jimlolin a takarda, ka ɗinke da zare, a ƙarshen wata kana da ɗan littafin da babu wanda bai san abin da ke ciki ba. Kullum kuma ka karanta musu wani abu da muryarka, ko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ce da ka rubuta da hannunka, kana bin layi da yatsa. Bayan kowane karatu ka yi tambaya ɗaya ko biyu: wa ya tafi, me ya saya? Mai furta kalmomi daidai bai san me suka ce ba, da saura.

Sau ɗaya a wata ka kira su ɗaya ɗaya, minti ɗaya ga kowane, yayin da sauran ke kwafar rubutu. Ka nuna haruffa biyar, gaɓa biyar, kalma biyar, jimla ɗaya, ka rubuta a kayenka inda ya tsaya. Da wannan za ka raba aji uku: masu haruffa, masu gaɓoɓi, masu jimla. Rabin awa a rana kowane rukuni ya yi aikin matakinsa, kai kana tare da na baya, masu jimla suna karanta wa juna littattafan nan biyar. Rukunin ba na dindindin ba ne, kuma kada ka ba shi sunan da zai kunyata yaro. Matsalar da ta fi ƙarfinka ka kai ta taron CAPED, inda malaman yanki ke haɗuwa su ƙara wa juna sani, akwai wanda ya taɓa haɗuwa da ita.

Iyaye da yawa ba su yi boko ba, amma suna iya taimakawa. Ta bakin kwamitin makaranta da ƙungiyar uwaye ka roƙi abu ɗaya: bayan la'asar, kafin duhu, yaro ya zauna kusa da uwarsa ko kakarsa ya karanta mata abin da ke ardwaz ɗinsa. Ita ta san Hausa, in abin da ya faɗa ba magana ba ce za ta ce ya sake.

11. Ƙetarawa zuwa Faransanci

Faransanci da baki ake fara shi, gaisuwa, sunayen kayan aji, gajerun umarni, tun kafin a rubuta shi. In lokacin rubutun ya zo, kada ka fara daga farko kamar yaro bai san komai ba. Ka nuna masa abin da ya riga ya mallaka: m, n, l, b, d, t, a, i, o duk suna aiki iri ɗaya, kuma haɗa baƙi da wasali bai canza ba. Sannan ka ɗauki bambance-bambancen ɗaya ɗaya. Allunan bakin hanya sun ishe ka misali. Mu muna rubuta Tawa, Madawa, Buza, allo na rubuta Tahoua, Madaoua, Bouza, daga nan yaro zai ga cewa u ɗinmu can ou ne. Sh ɗinmu can ch ne, c ɗinmu kuma tch suke rubuta shi, kamar a Tchintabaraden. Haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, ka riƙa yi musu ɗan ɗigo a ƙasa da alli mai launi har ido ya saba tsallake su.

Ka raba wa harsunan biyu wuri: rabin tablo na Hausa, rabi na Faransanci, katuna ma igiya daban. In ka ga tchoukou ko touwo a dikten Hausa, ka tambayi yaron a wane gefen tablo muke yanzu.

In makarantarka ta Faransanci zalla ce, mataki na ɗaya zuwa na uku ka yi su yadda suke, da sunayen yara da kalmomin gida, don kunne ba ya buƙatar littafi. A haɗa gaɓa kuma, ka zaɓi sautukan da harsunan biyu suka yi tarayya a kansu, ka bar yara su karanta nama da lemu da tulu na minti biyar kafin a shiga kalmomin littafi. Kowace kalmar Faransanci da za ta shiga dikte, ka tabbata sun san ma'anarta da baki tukuna, ka nuna abin ko ka zana shi, kuma ka rage yawansu zuwa uku a rana har sai rabin aji sun fara samun su daidai.